Kwanon da Na Kai Baranda

Shekara talatin da ɗaya na yi ina girki a makarantar firamaren garinmu, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa cewa ɗan wani ya yi ciwon ciki saboda abincina ba. Ba yabon kai nake yi ba. So nake ku san ko wace ce ta aikata abin da zan ba ku labari. Ni Verna, wadda ko ragowar miya ba ta shiga firij ɗinta sai da murfi da kwanan wata, ni ce na ɗauki kwanon nan da hannuna na kai shi baranda.

Marlys matar ƙanena Arvid ce. Shekara arba'in da shida suka yi tare, kuma a duk tsawon shekarun nan ni da ita ba mu taɓa shiga kicin ɗaya muka fito ba tare da mun yi 'yar tsama ba. Ta iya girki, yanzu da ba ta nan zan iya faɗa. Fai ɗin kazarta kuwa babu irinsa a duk cocinmu. Kaza ce da dankali da karas da koren wake cikin romo mai kauri, ta shimfiɗa kwaɓin fulawa a sama, ta bi bakin kwanon tana dannawa da babban yatsa, ta gasa har ɓawon ya yi ja. Ni kuwa duk ranar da na ci sai na ce gishiri ya yi kaɗan. Ita kuma ta ce ai ba 'yan firamare take ciyarwa ba. Haka muka tsufa.

Ranar Talata ta ƙarshen Fabrairu ta gasa babba, a kwanonta mai zurfi mai shuɗin baki. Suka ci abin da za su ci ita da mijinta, ta rufe sauran ta sa a firij yadda ya kamata. Wannan ma dole in faɗa, don ita ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Da safiyar Laraba ta fita ɗauko wasiƙu a bakin hanya, ta dawo, tana cire takalmi a zaure ta yanke jiki ta faɗi. Kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa.

Kafin tsakar ranar Alhamis kwanuka goma sha ɗaya sun shigo gidan. Taliya da nama, shinkafar daji da kaza, dankali da cuku har kwano uku, gasasshen naman alade, kowanne da sunan mai shi a rubuce a ɗan salatif a gindin kwano. Kuma kowace mace ta shigo gaisuwa, bayan ta rungume Arvid ta share hawaye, sai ta san dabarar da ta yi ta buɗe firij ta ga inda aka ajiye nata. Ka fitar da kwanon 'yar cocinmu Delores Nygaard waje ka gani, kafin Lahadi duk coci ta ji cewa an wulaƙanta ta a gidan makoki. Saboda haka in wuri ya ƙare, abincin 'yan gida ne yake fita.

Fitar kuwa ba wani abu ba ne. Daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da ƙanƙara take rufe ko'ina, barandar baya ita ce babban firij ɗin kowane gida a nan. Haka mahaifiyarmu ta yi, haka tata uwar ta yi. Ranar nan sanyi ake yi irin wanda in ka ja numfashi sai ka ji cikin hancinka ya manne. Na ɗauki fai ɗin Marlys, fiye da rabinsa yana nan, na ɗora a kan kanta kusa da takalman ƙanƙarar Arvid. Da na leƙa da yamma ya daskare kamar dutse. Na ce a raina in aka yi jana'iza zan yayyanka shi in sa a firiza. Ban rubuta komai a jikinsa ba, kuma daga ranar ban sake tunawa da shi ba.

An binne ta Asabar. Ranar Lahadi da rana, jakar Joleen tana bakin ƙofa, muka zauna mu uku a teburin kicin. Joleen ita kaɗai ce 'yarsu, tana aiki a birnin Duluth, tafiyar awa ɗaya da rabi daga nan. Yarinyar kirki ce, amma irin mutanen nan ne da ba sa fara magana sai sun riga sun gama yanke hukunci. Ta ciro wata takarda mai hotuna ta gidan tsofaffi da ke kusa da ita, ta ajiye a gaban ubanta.

"Baba, ko ƙwai ba ka iya soyawa ba," in ji ta.

"Na iya buɗe gwangwani."

"Ba wasa nake yi ba. Kana da ciwon suga. Shekara goma sha biyar Mama ce take auna maka abinci, ita take tuna maka magani. Yanzu wa zai yi?"

Arvid bai ko kalli takardar ba. Tagar yake kallo, inda tafki yake kwance a daskare fari fat, da 'yar bukkarsa ta kamun kifi can tsakiya a kan ƙanƙara. Gidan nan shi ya gina shi, shi da mahaifinmu, katako bayan katako, shekarar da zai yi aure.

"Ta ƙofar can aka fitar da uwarki," ya ce. "Ta nan za a fitar da ni. Ki mayar da hotunanki jaka."

Na ga idon yarinyar ya cika, na kuma san in ta fara kuka ta ci nasara. Sai na tsoma baki.

"Ke Joleen, ni na mutu ne? Minti bakwai ne daga gidana zuwa nan. Yara ɗari biyu na ciyar kullum, tsoho ɗaya mai taurin kai ne zai gagare ni?"

"Gwaggo, shekararki saba'in da shida fa."

"Na gode da kika tuna mini, da ma na manta."

Arvid ya yi 'yar dariya, ta farko tun ranar Laraba. Joleen ta daɗe tana kallonmu, ni da shi, sannan ta ninke takardar.

"To shi ke nan. Abincinsa da maganinsa suna wuyanki, Gwaggo. Amma ku ji ni da kyau ku biyun. Sau ɗaya tak. In aka kira ni sau ɗaya aka ce wani abu ya same shi shi kaɗai a gidan nan, magana ta ƙare, ba zan sake neman shawarar kowa ba."

Na ce na ji, na kuma ɗauka. Har da buga tebur.

Ranar Litinin gari ya juya. Iskar kudu ta taso, ƙanƙarar kan rufi ta fara ɗiga, mutane suka fito ba hula suna ta murna wai bana sanyi ya tafi da wuri. Kwana uku ana rana. Ni kuwa kullum ƙarfe goma sha ɗaya ina gidan Arvid. In buɗe firij, in duba kwanukan maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, wanda ya kai kwana huɗu in juye a shara, in wanke kwano. In zafafa masa na rana, in auna na yamma in rufe in rubuta, in tsaya a kansa ya sha magani. Abin da na lura da shi kawai, ba ya cin na yamman sosai. Na ɗauka baƙin ciki ne.

Ranar Alhamis na tara kwanukan da na wanke a kwali, na ce bari in ajiye a baranda kafin in bi gida-gida in mayar. Ina tura ƙofar ɗumi ya buge ni a fuska. Barandar nan kudu take kallo, kuma gilashi ce ta gefe uku. A nan Marlys take rainon irin tumatir ɗinta duk bazara, saboda tsabar yadda take riƙe zafi. Har wani ƙuda ya farka yana bin gilashi.

Kwanon yana nan inda na ajiye shi. An cire takardar da aka rufe shi da ita, an yafa masa tawul ɗin kicin, ga cokali a gefe. Na ɗaga tawul ɗin. An ci wajen rabin abin da na bari, ana ɗiba daga tsakiya, ba a taɓa bakin ɓawon ba. Romon ya saki, ruwa ya kwanta a gindi. Na sunkuya na sansana, ban ji komai ba. Abin da mutane suka kasa ganewa ke nan, wanda yake kai mutum asibiti sau da yawa ba ya wari.

"Arvid! Zo nan."

Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da safa, ƙaton mutum mai shekara saba'in da biyu, yana sunkuyar da kai kamar lokacin da nake kama shi da hannu a gwangwanin sukari.

"Tun yaushe kake cin wannan?"

"Cokali biyu ne kawai. Da yamma, lokacin da muka saba zama."

"Ban tambaye ka cokali nawa ba. Tun yaushe?"

"Tun da Joleen ta tafi."

"Kai, wane irin mutum ne kai? Yau kwanansa tara! Kwana uku yana narkewa da rana yana daskarewa da dare. Kaza ce fa, da madara a cikin romon. So kake ka bi Marlys?"

Maganar ta fito kafin in tare ta. Na sunkuci kwanon zan wuce shara, sai ya sa hannu biyu ya riƙe ɗaya gefen.

"Yaya," ya ce. Ba ya ce mini Yaya sai yana neman wani abu. "Dubi bakin. Dubi nan."

Na duba. Sawun babban yatsanta ne a jere a bakin ɓawon, ɗaya bayan ɗaya, har da ɗan tsagin farcenta a wasu. A wuri ɗaya ta danna ya karkace, ta sake dannawa a kai.

"Kayanta suna nan, hotunanta suna nan," ya ce, "amma wannan ne kawai ya rage wanda ta yi don ni. In ya ƙare shi ke nan. Kuma lafiyata ƙalau, ba ga ni ba?"

Ni idan abu ya taɓa mini zuciya, faɗa nake yi. Ban iya wani abu ba. Sai na kama yi masa karatun da na shekara talatin ina yi wa sababbin ma'aikata. Abinci irin wannan ba ya wuce awa biyu a waje. Ba a barin shi a kwano mai zurfi, rarraba shi ake yi a ƙananan robobi marasa zurfi don sanyi ya ratsa shi da wuri. A rufe da murfi, a rubuta kwanan wata, a sa a firij, firij na gaske, ba baranda ba. Kwana uku, in an matsa huɗu. In za a ci a zafafa har tsakiyarsa ya yi tururi.

"Da an yi haka tun farko da ba mu tsaya muna wannan maganar ba," na ce. Ban ce da na yi haka ba. "Amma wannan ya wuce nan. Wannan na shara ne."

Ya saurare ni tsaf, abin da bai taɓa yi ba tun yana yaro. Har maimaitawa ya yi a hankali. "Roba mara zurfi. Murfi. Kwanan wata. Kwana huɗu."

"Aƙalla ka koyi wani abu."

"To ki bar mini. Ba zan iya tsayawa ina kallon ki kina juye shi kamar na Delores ba. Ni zan yi da kaina, in kin tafi."

A makaranta na sha juye tire guda na nama a shara, shugaban makaranta yana tsaye yana dafe da kai, ko gezau ban yi ba. Amma ranar nan na kalli ƙanena, na kalli sawun yatsan matar da na shekara arba'in da shida ina kushe wa gishiri, sai hannuna ya saki kwanon. Kada wani ya ce ban sani ba. Na sani sarai. Tausayi ne ya kama ni, kuma har da kunya, don in na matsa sai an zo kan tambayar wa ya kai shi barandar.

"Yau ɗin nan," na ce.

"Yau ɗin nan."

Ranar Juma'a na leƙa baranda, kanta babu komai. Kwanon mai shuɗin baki yana kife a wanke kusa da famfo. Na buɗe firij na bincika har bayan kwalaben madara, babu. Na ji sanyi a raina, na kuma yi wa kaina alkawari ba zan tayar da maganar ba. Kwandon shara yana nan gefen ƙafata, buɗe shi kawai zan yi in gani. Ban buɗe ba. Ranar Asabar ya ce kada in wahalar da kaina da na yamma, zai ci abin da ya samu. Har fara'a yake yi, ya yi aski, ya sa rigar da ta saya masa. Na koma gida ina cewa mutumin nan ya fara dawowa.

Ranar Lahadi wurin zamansa a coci babu kowa. Arvid bai taɓa makara ba, shi yake buɗe ƙofa ma wani lokaci. Aka gama waƙar farko, aka fara ta biyu, bai shigo ba. Na tashi a tsakiyar mutane na fita.

A ƙasan banɗaki na same shi, tsakanin baho da bango. Ba zan ba ku labarin yadda wurin yake ba. Tun asuba yake amai da zawo, ya tashi zai ɗauko waya jiri ya kwashe shi, ƙugunsa ya bugu da bakin baho. Leɓɓansa sun bushe sun tsage, idonsa ya faɗa. Da ya gane ni, abin da ya fara cewa shi ne, "Kada ki kira Joleen."

Motar asibiti na fara kira. Sannan na kira Joleen.

Likita ta ce ruwan jikinsa ya ƙare, sugansa ya rikice, ƙodojinsa sun wahala, kuma ƙashin ƙugu ya tsage. Ta ce da matashi ne da kwana biyu zai yi ya miƙe, amma ba mai shekarunsa da ciwonsa ba. Ta tambayi abin da ya ci. Na ce ina jin ragowar abinci ne.

Washegari da hantsi ina zaune a kujerun bakin ɗakinsa ta iso daga gidan, ta je ɗauko masa kaya. Ta zauna kusa da ni ta ciro murfin wata 'yar roba daga jaka ta ɗora mini a cinya. An manna salatif a kai, an yi rubutu da biro, manyan baƙaƙe irin na Arvid. Fai ɗin Marlys, Alhamis 6 ga Maris.

"A wurin wanke-wanke na gani," ta ce. "Gwaggo, Mama ta rasu ashirin da shida ga Fabrairu. Baba ya zauna ya rubuta cewa ta yi girki shida ga Maris. Kansa ya fara taɓuwa, ko? Faɗa mini gaskiya, kin ga wasu alamu kin ɓoye mini?"

Da na yi shiru da shi ke nan. Za ta tafi da shi, ni kuma in zauna da sunana na mai tsabta. Amma ba zan iya bari a ce ƙanena ya zauce alhali da hankalinsa ba. Kuma ina da ɗan guntun fata cewa in ta ji laifin nawa ne za ta ƙyale shi a gidansa. Sai na kwashe komai na faɗa mata. Kwanuka goma sha ɗaya, baranda, mantuwata, ranar Alhamis, da yadda na sakar masa kwanon.

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi da na fi jin daɗi.

"Kin gani da idonki," ta ce. "Kwana tara. Kika bar masa."

"Ya ce zai zubar."

"Kika yarda?"

Ta karɓi murfin daga cinyata ta mayar jaka.

"Da ma kin bar ni a kan cewa ruɗewa ya yi, Gwaggo. Wancan ba laifin kowa ba ne." Ta miƙe. "Ke ce fa dalilin da ya sa na bar shi. Ke kaɗai."

Da na shiga wurinsa yana kwance da robar ƙarin ruwa a hannu. Na ja kujera na zauna, na ce, "Ka ce mini za ka zubar."

"Ai duk abin da kika ce na yi," ya ce, da ƙyar ake jin sa. "Roba mara zurfi. Murfi. Na rubuta ranar da na sa. Alhamis, Juma'a, Asabar, kwana uku ke nan, ban ma kai huɗun ba. Na zafafa."

"Ranar da aka dafa ake rubutawa, Arvid. Firij ba ya mayar da abinci baya."

"Ba ki faɗi wannan ba."

Gaskiyarsa, ban faɗa ba. A shekara talatin da ɗaya ban taɓa haɗuwa da wanda sai an gaya masa ba. Amma na gaya masa na shara ne, da bakina, yana tsaye. Har yau ban sani ba ko bai gane ba ne, ko kuwa ya gane sarai, ƙa'idar da zai jingina da ita kawai yake nema, ni kuma na miƙa masa.

Kwana goma sha biyu ya yi a asibiti. Daga can bai koma gida ba, ko sallama da tafkin bai yi ba. Joleen ta wuce da shi gidan tsofaffin nan na Duluth a keken marasa lafiya. Bai yi gardama ba, ba shi da ƙarfinta. Ni ma ban yi ba, ba ni da bakin yi.

A watan Afrilu ta ba ni makulli ta ce in taimaka in kwashe abin da zan iya, za a sa gidan a kasuwa. Magana ce ta aiki, a taƙaice, ba gaisuwa mai tsawo. Na yi kwana huɗu ina naɗe rayuwar mutum biyu a kwalaye. A rana ta ƙarshe na shiga gareji. A can lungu akwai tsohon firij ɗin da Arvid yake ajiye tsutsar kamun kifi da giyarsa, wanda ni ban taɓa lissafa shi cikin firij ba, shi ya sa ko sau ɗaya ban buɗe shi ba. Na je zan cire wayarsa daga wuta, na ce bari in duba tukuna.

Roba ɗaya ce a kan kanta ta sama, ita kaɗai, an ture kwalaben gefe don a ba ta wuri. Mara zurfi, murfinta a rufe ruf. Ta jikin robar ina hango yankan, ya zaɓi gefen da ɓawon ya fi kyau, da sawun yatsa huɗu a jere. A kan salatif ɗin ya rubuta, Na Verna, Alhamis 6 ga Maris.

Na zauna a kan bokitin kifinsa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Ashe raba shi ya yi biyu. Yana jira ne in huce ya ba ni.

Kowace Lahadi in an tashi daga coci nakan tuƙa zuwa Duluth. Wurin yana da tsabta, ma'aikatan suna da kirki, kowane kofi na abinci da kwanan wata a jiki, ba abin da zan kushe. Tagar ɗakinsa wurin ajiye motoci take kallo. A watannin farko yakan tambayi ko ƙanƙarar tafki ta narke, ko su wa suka sayi gidan. Yanzu ya daina. Abin da Joleen ta ji tsoro ranar nan a asibiti, wanda a lokacin ba gaskiya ba ne, yanzu ya zama gaskiya. Wani lokaci yakan kira ni da sunan mahaifiyarmu. Amma akwai tambaya ɗaya da ba ta ɓace masa ba, kuma duk zuwa sai ya yi ta kamar bai taɓa yi ba.

"Yaya, na ajiye miki naki a gareji. Kin gani?"

"Na gani."

"Kin ci?"

"Na ci."

"Yaya kika ji shi?"

"Gishiri ya yi kaɗan."

Sai ya yi dariya har da buga hannun kujera. "Kai, Verna! Bari ta ji ki."

Robar tana firiza ɗina, a can ƙasa, bayan buhun koren wake. Wata goma sha ɗaya ke nan. Duk ranar Asabar nakan kwashe komai in duba kwanan wata in zubar da abin da ya wuce lokaci, in na zo kanta sai in ɗaga, in goge ƙanƙarar da ta rufe sunana, in mayar.